Kafin 'Yan Gwangwan Su Auna Tarihin Gidajen Gem

Sharhinmu na yau zai tsaya ne a kan wani abu da yawancinmu ba mu taɓa lissafa shi cikin kayan tarihi ba, wato wasannin kwamfuta, waɗanda yara da samari suke kira gem, da kuma tambayar ko nan da shekara 30 za a sami wanda zai iya sake kunna su.

Wanda ya bi titin Nnamdi Azikiwe da yamma, daga Kudenda ya nufi Nasarawa da Tirkaniya, ko ya karkata ya shiga lungunan Kakuri da Makera, ba zai rasa ganin gidan gem ba. Ɗan ƙaramin shago ne, labule a ƙofa, benci biyu ko uku, talabijin a jere jikin bango, ƙaramin janareta yana ruri a waje. Yara biyu riƙe da fad, wasu goma tsaye a bayansu suna jiran wanda za a ci ya tashi. Idan aka leƙa ƙarƙashin teburin mai shago, galibi za a tarar da kwali: tsohuwar PlayStation 2 da idonta ya mutu, fad da wayarsa ta tsinke aka naɗe da salatif, katin memori, da faya-fayai barkatai ba gida, an rubuta sunayensu da maka. Ranar da wuri ya yi wa mai shagon kaɗan, ko ya sauya sana'a, ɗan gwangwan ne zai ɗora kwalin nan a sikeli, ya biya kuɗin kilo, a kai Panteka a fasa a cire jan ƙarfe. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, a cikin irin wannan kwali akwai wani yanki na tarihin ƙuruciyar garin nan wanda babu wata ƙasa da za ta adana mana shi, kuma lokacin da ya rage a cece shi bai kai yadda muke zato ba.

Mu fara da abin da ya ratsa waɗannan shaguna. Kamfanin Nintendo ya fitar da na'urar Famicom a Japan a 1983, amma wadda ta cika kasuwanninmu a shekarun 1990 kwaikwayonta ce da ake ƙerawa a Taiwan da Sin, tare da kaset mai launin rawaya da aka rubuta a jikinsa cewa yana ɗauke da dubban wasanni, alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. Daga nan Sega ta shigo da Sonic da Mortal Kombat. Sai PlayStation ta Sony a 1994, sannan PlayStation 2 a 2000, wadda aka sayar da fiye da miliyan 155 a duniya, ita ce kuma ta raya gidajen gem da ƙwallon Winning Eleven na kamfanin Konami. Da wayar salula ta zo Najeriya a 2001, wasan maciji na Nokia 3310 ya shiga aljihun kowa, bayansa kuma ƙananan wasannin Java da ake turawa daga waya zuwa waya. Wannan tarihi ne na sama da shekara 30, kuma yaran farko da suka zauna a bencin nan yau magidanta ne, wasunsu malamai, wasu injiniyoyin kwamfuta da suka fara sanin na'ura a wurin. Dara da langa da carafke suna rayuwa muddin akwai ƙasa da tsakuwa da wanda ya iya. Gem kuwa sai an haɗa abubuwa da yawa a lokaci guda: manhajar wasan, da kaset ko faifan da take ciki, da na'urar da ta san yarenta, da allon da ya dace, a 'yan shekarun nan kuma har da izinin kamfani. Ɗaya ya faɗi, sauran sun zama tarkace.

Girman asarar ba hasashe ba ne. A watan Yulin 2023 wata gidauniya a Amurka mai suna Video Game History Foundation, tare da haɗin gwiwar Software Preservation Network, ta fitar da binciken da ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa, babu inda mutum zai je ya saye su sababbi ta halal. Wannan a ƙasar da take da kuɗi da gidajen tarihi da lauyoyi ke nan. Kuma an taɓa ganin irin haka. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya bayyana a 2013 cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan ƙasar na zamanin da ba a sa murya sun ɓace gaba ɗaya. Masu su sun ɗauke su kayan nishaɗin mako guda, da aka gama cin kasuwarsu aka bar su suka ruɓe ko suka ƙone. Lokacin da masana suka gane darajarsu, an riga an makara.

Mai kaset da faifai zai ce shi dai nasa yana hannunsa, a cikin akwati, babu mai ƙwacewa. Gaskiya ne yana da abin da wanda ya sauke wasa daga intanet ba shi da shi, amma sa abu a akwati bai kai adanawa ba, don kayan nan suna mutuwa ko ba a taɓa su ba. Kaset ya fi sauran ƙarko, sai dai da yawa daga ciki suna da ɗan batir mai kamar kwabo wanda yake riƙe da inda mai wasa ya tsaya, kuma bayan shekara 15 zuwa 20 batirin yakan ƙare, wani lokaci ya yi yoyo ya ci allon da ke ciki. Haƙoran ƙarfen da ke bakin kaset suna tsatsa, kuma hura masa iska da baki da yara suke yi idan ya ƙi kamawa danshi yake ƙara masa. Faifan CD kuma, mutane sun fi tsoron ƙarzanar gefen da yake sheƙi, alhali bayanan suna kwance ne a wani siririn shafe na alminiyam dab da gefen da aka yi rubutu, don haka ƙarzana ɗaya a saman faifan tana iya cire bayanin har abada. Faifan da aka ƙona a kwamfuta, wanda shi ne mafi yawa a gidajen gem ɗinmu, ya fi rauni, domin rini ne yake riƙe da bayanin, zafi da hasken rana kuwa suna kashe rini. Sai a haɗa wannan da yanayin Kaduna: laimar watan Agusta da take sa fumfuna a cikin akwati, ƙurar hunturu da take shiga idon na'ura, zafin Maris da Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano, ga unguwannin bakin kogi da ambaliya takan shiga, kamar yadda aka gani a 2003 da 2012. Masu adana kaya sun yi ittifaƙi a kan wuri mai sanyi, busasshe, marar hasken rana, wanda yanayinsa ba ya hawa da sauka. Ɗakunanmu kishiyar haka ne rabin shekara.

Na'urar kanta ita ma tana da ajali. A cikinta akwai ƙananan kwalaben riƙe wuta da masu gyara suke kira kafasita, waɗanda suke bushewa ko su zubar da ruwa mai cin ƙarfe. Xbox ta farko, ta 2001, ta yi suna da wannan ciwo, har masu tara kaya suke cire ɗaya daga cikin kafasitocinta tun kafin ta fashe. Na'urorin gwanjo da suka zo daga Amurka da wuta 110 suke aiki, tamu kuwa 230 ce, kuma duk mai gyara a garin nan ya ga wadda aka soka kai tsaye ta yi hayaƙi. Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Bindigar roba ta harbin agwagwa, wadda take zuwa da na'urar kaset, ba ta aiki a talabijin na zamani mai faɗi, domin an ƙera ta ne a kan saurin da tsohuwar talabijin mai ƙusumbi take nuna hoto. Wato wanda yake son jikokinsa su ga yadda wasan nan yake, sai ya adana har da talabijin ɗin, kuma an daina ƙera irinta.

To, wanda ya koma sauke wasa daga intanet fa? Nan ne matsalar ta fi tsanani, don shi ba shi da ko kwalin. Abin da ya biya kuɗi ya samu izinin amfani ne, wanda kamfani yake iya janyewa. Nintendo ta rufe shagonta na intanet na na'urorin 3DS da Wii U a ranar 27 ga Maris 2023, Microsoft ta rufe na Xbox 360 a ranar 29 ga Yulin 2024, kuma wasanni masu yawa da ba a taɓa buga su a faifai ba sun daina samuwa. A Satumban 2023, da kamfanin EA ya rabu da sunan FIFA, ya janye tsofaffin wasannin FIFA daga shagunan intanet. Misalin da ya fi tayar da ƙura shi ne wasan tseren mota The Crew na kamfanin Ubisoft, wanda ya fito a 2014. Wasan ba ya tashi sai ya gaisa da uwar garken kamfani, to da aka kashe ta a ƙarshen Maris 2024, har wanda yake riƙe da faifan asali a hannu ya rasa wasansa. Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta tara sa hannu sama da miliyan 1 a 2025. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuma an sa hannu a kan doka a 2024 wadda ta wajabta wa mai sayar da kayan intanet ya faɗa wa mai saye ƙarara cewa izini ne kawai yake samu. Ga mai gidan gem a Kudenda wannan ba labarin nesa ba ne. Na'urorin PlayStation 4 da 5 da yake kashe jarinsa a kansu suna dogara da asusu da sabuntawa daga intanet, kuma ranar da kamfani ya juya wa na'urar baya, ba shawararsa za a nema ba.

Za a ce ai intanet ba ta mantuwa, duk tsohon wasan da mutum yake so zai same shi ya kunna a waya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ya kamata a yaba wa waɗanda suka sa hakan ta yiwu. Tun 1997 wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara MAME, manhajar da take kwaikwayon tsofaffin injinan wasa don kwamfutar yau ta iya kunna su. Rumbun Internet Archive, wanda aka kafa a 1996, yana ɗauke da dubban tsofaffin wasanni. Da kamfanin Adobe ya kashe fasahar Flash a ƙarshen 2020, wasu 'yan sa-kai ƙarƙashin shirin Flashpoint sun riga sun kwashe dubban wasanni da za su tafi tare da ita. Amma a dubi su wane ne waɗannan: 'yan sa-kai ne da ƙungiyoyin da suke rayuwa da gudummawa, kuma takardar lauya guda tana iya rufe aikin shekara 20. A 2018, bayan Nintendo ta kai wasu shafukan tsofaffin wasanni kotu, wani babban shafi mai suna EmuParadise ya kwashe nasa da kansa don tsoro. Shi kansa Internet Archive masu kutse sun durƙusar da shi na kwanaki a Oktoban 2024. Abin da yake intanet yana nan ne saboda wani yana biyan kuɗin wuta da na rumbu a yau, ba don an yi masa alkawarin gobe ba.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi a ganina shi ne na mai cewa kayan nan na Japan da Amurka ne, su adana abinsu, mu ina ruwanmu. Lallai Super Mario ba ya buƙatar taimakonmu. Gidan tarihin The Strong da ke Rochester a jihar New York yana da shi, gidan tarihin wasannin kwamfuta na Berlin, wanda aka buɗe a 1997, yana da shi. Sai dai abin da aka buga a Kaduna ba shi ne yake cikin gilashinsu ba. Su suna tara na asali, mu kuwa da kwaikwayo muka tashi: kaset mai rawaya, na'urar da aka yi wa tiyata don ta karɓi kowane faifai, faifan ƙwallo da aka sabunta sunayen 'yan wasa da rigunansu shekaru bayan kamfani ya daina bugawa, PlayStation 2 da masu gyara suka koya mata karanta wasa daga filash bayan idonta ya mutu. Wannan fasaha ce ta mutanen da suka mayar da kayan da ba don su aka yi ba suka dace da aljihunsu. A Brazil irin wannan faifan ƙwallo da aka gyara, mai suna Bomba Patch, ya zama abin da ake rubutu a kansa a matsayin al'adar ƙasa. Namu kuwa ko jerin sunayensa ba a yi ba.

Sannan akwai wasannin da 'yan ƙasar nan suka ƙirƙira da hannunsu. A 2012 kamfanoni irin su Maliyo Games da Kuluya da Gamsole suka taso, suna yin wasanni da ɗan acaɓa da sauro da titunan Legas a ciki. Gamsole, na Abiola Olaniran, ya yi suna ne a wayoyin Windows Phone, kuma Microsoft ta riga ta binne wannan tsarin waya tare da shagonsa. Maliyo ta yi wani wasa mai suna Aboki Run, kuma ko mutum ya ji daɗin sunan ko bai ji ba, mai binciken da zai so sanin yadda ake kallon ɗan Arewa a kudancin ƙasar nan a wancan lokaci yana buƙatar ya ga wasan da idonsa. A Kamaru an yi Aurion a 2016, a Nijar an yi Les Héros du Sahel. Irin waɗannan wasanni ba su da kaset, ba su da faifai, ƙananan kamfanoni ne suka yi su, kuma wasan waya da aka daina sabuntawa yakan daina hawa sababbin wayoyi cikin 'yan shekaru. Su ne mafi kusa da ɓata, su ne kuma ba wanda zai nema a Rochester. Kada kuma a raina abin da kwafi guda a wuri mai nisa yake iya yi. Gidan talabijin na BBC ya goge ɗimbin shirye-shiryensa na shekarun 1960, ciki har da sassan wasan Doctor Who. A 2013 aka sanar da gano sassa 9 da aka fid da rai da su, kuma a Jos aka same su, a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin. Abin da Landan ta zubar, Jos ce ta riƙe.

Akwai iyaye da malamai da za su ce gidan gem wurin ɓata lokaci ne, yana hana yaro makaranta da Islamiyya, yana cinye kuɗin aike, wasu wasannin ma cike suke da zubar da jini, yanzu kuma caca ta raɓe shi. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma ba na cikin masu yi mata dariya. Amma adana abu daban, amincewa da shi daban. Ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna cike take da fayilolin Turawan mulkin mallaka, na haraji da na aikin tilas, kuma ba don muna ƙaunar abin da suka yi ake kashe kuɗi a kansu ba. Mai son ya nuna illar gem ga tarbiyya ma zai buƙaci shaida: wane wasa, a wace shekara, nawa ake biya, yara masu shekara nawa. Mun kuma ga yadda raini yake jawo asara. Littattafan soyayya na kasuwar Kano da suka ɓarke a shekarun 1980 an daɗe ana kiran su shirme, sai ga shi yau ana rubuta digiri a kansu, kuma ɗaya daga cikin manyan tarinsu yana makarantar SOAS a Landan, saboda Farfesa Graham Furniss ya tattara su lokacin da ake ganin ba su kai a ajiye ba. Fina-finan Hausa na kaset, tun daga Turmin Danya na 1990, da yawa sai an sha wuya kafin a sami kwafi mai kyau. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi a ma'adanar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi da taimakon cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Ya tsira ne saboda an taɓa ba shi wuri a kan kanta a ginin hukuma. Wasanninmu ko wannan ba su samu ba.

Batun doka ya fi sarƙaƙiya, kuma bai kamata a yi masa kwaskwarima ba. Yawancin faya-fayan gidajen gem na satar fasaha ne, kuma kwafe wasa don sayarwa laifi ne, babu ja. Amma dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba ɗakunan karatu da ma'adanai da gidajen tarihi damar yin kwafi don adanawa. Ke nan akwai bambanci tsakanin mai ƙona faifai ya baza a kasuwa da cibiyar da ta karɓi faifai guda, ta kwafe shi, ta rubuta asalinsa, ta bar ɗalibi ya zauna a ɗakinta ya duba. Gidajen tarihi suna ajiye jabun kuɗi a matsayin shaida, ba wanda ya ce sun zama masu buga jabu. Muhawarar ba ta ƙare ba ko a waje, don a Oktoban 2024 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi yarda ɗakunan karatu su buɗe wa masu bincike tsofaffin wasanni daga nesa ta intanet. Darasin da ke ciki gare mu shi ne aikin ya fi aminci a hannun cibiya mai suna da adireshi fiye da a wayar wani saurayi.

Saura maganar kuɗi, kuma ita ce za a fi jefo mini: ƙasar da asibiti ba magani, wa zai ware kasafi don wasan yara? Amsar ita ce ba gini ake nema ba. Faifan PlayStation ta farko bai wuce megabayit 700 ba, na PlayStation 2 galibi gigabayit 4.7 ne, don haka rumbun kwamfuta guda mai terabayit 2 zai ɗauki fiye da faifai 400 na PlayStation 2 cike maƙil, wasannin kaset da na Java kuwa ko kusurwa ba za su cika ba. Ƙa'idar masu adana bayanai sananniya ce: kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, ɗaya a wani gari daban, a riƙa duba lafiyarsu lokaci-lokaci, a sauya rumbu kafin ya tsufa, domin filash da katin memori da aka jefa a aljihun tebur shekaru ba wuta su ma suna zubar da abin da ke cikinsu. Abin da ya fi kuɗi tsada shi ne mutum mai haƙurin rubutawa: wannan faifai daga wane shago, wace unguwa, wace shekara, a wace kasuwa aka saro shi. Kwafin da ba shi da wannan bayani rabin amfaninsa ya tafi. Kuma tun da ba a iya kwafe benci da ihu, sai a ɗauki muryar mutane: tsofaffin masu gidajen gem, masu gyara, waɗanda suka yi sarauta a Winning Eleven a unguwarsu, su faɗi nawa ake biyan wasa, yaya dokar wanda aka ci ya tashi take, me ya faru da shagon ranar da wayar Android ta shigo. Mutanen kudancin garin Kaduna sun san saurin da abin yau da kullum yake zama labari. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta ciyar da dubban gidaje, ta rufe a 2002, kuma yaron da aka haifa bayan nan sai dai a ba shi labarin jiniyar tashi daga aiki.

Mai tsofaffin kaya a gida yana da abin da zai yi tun yau ba tare da jiran kowa ba. Ya cire batir daga fad da duk abin da batir yake fita, ya sa faya-fayai a gidajensu a tsaye, ya ɗaga su daga ƙasa, ya nisanta su da taga da rufin kwano, ya kunna na'ura jefi-jefi ta hanyar abin daidaita wuta, ya rubuta tarihin kowane abu a takarda ya haɗa da shi.

Sauran aikin na cibiyoyi ne, kuma Kaduna ba ta rasa su ba. Ga Arewa House, wadda aka kafa a 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello don tattara tarihin Arewa, ga gidan tarihi na ƙasa a titin Ali Akilu, ga Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, masu sassan kwamfuta da na aikin ɗakin karatu, cike da ɗaliban da suke neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kansa. Ɗaya daga cikinsu ta ware kanta guda da kwamfuta guda, ta sanar cewa tana karɓar tsofaffin na'urori da kaset da faya-fayai, ta tura ɗalibai Kudenda da Kakuri da Tudun Wada da Kawo da na'urar ɗaukar murya. Masu ƙirƙirar wasanni na ƙasar nan su miƙa kwafin aikinsu tare da asalin rubutun manhajar, ko da da sharaɗin ba za a buɗe ba sai bayan wasu shekaru. Ga 'yan majalisarmu kuma, dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi 3 a ajiye. Faransa ta shigar da manhajoji da wasannin kwamfuta cikin irin wannan wajibci tun 1992. Muna roƙon a gyara tamu dokar ta haɗa da su, kuma muna roƙon shugabannin cibiyoyin da muka ambata kada su jira gyaran kafin su fara karɓa.